Ranar da Teku Ya Zagayo Ta Gefenmu

Amira, tun ranar da na daka miki tsawa a bakin ruwa kike min wani irin kallo. Kin ce da mamanki wai ba na son ku ji daɗi, yaran mutane na can suna tsere a kan yashi, ni kuwa na kafe ina duba waya kamar ɗan sanda. Kai kuma Abba, na ji 'ya'yan Yaya Hadiza sun ba ka labari a Birmingham, wai na taɓa kai kakanku wankan teku da kaftaninsa da hularsa, kuka yi ta ƙyaƙyata dariya. Ba laifi, a gidan Yaya haka ake ba da labarin, duk sallah sai an tayar da shi, ni ma ina taya su dariyar. Amma ba haka abin ya faru ba. Ni ba mai rubutu ba ne, kun san ko college ban gama ba, don haka zan faɗa muku yadda bakina ya iya.

Lokacin ina saurayi ba na iya zama wuri ɗaya. Yaya ce ta ɗauko ni daga Wudil ina ɗan sakandare ta kawo ni gidanta a Birmingham. Ita aikin haɗa magani take, mijinta likita, gida ne da ko abinci ake ci zancen jarrabawa ake yi. Ni kuwa in na zauna a aji ji nake kamar an zuba min ƙaiƙayi a riga. Na ajiye karatun na gudu Manchester, na samu aikin tuƙa van a wani sito a Cheetham Hill, ina kai kwalaye shaguna, ina kwana a wani ɗan ɗaki a Ardwick. A shekarar ne aka kawo Baba aka yi masa aiki a gwiwa. Da na je gaishe shi na durƙusa a falon Yaya, ya amsa a taƙaice, bai ba ni hannu ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce,

"Direba ne? Sannu da hanya."

Daga ranar bai ƙara kiran sunana ba, sai direba. Yaya ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

"Nura, ka shirya. Baba ya ce ƙafarsa ƙafarka, tare za ku koma. Ya ce ba zai bar ka a nan kana gantali ba."

"Yaya, aiki fa nake."

"Ka faɗa masa da bakinka, in kana da bakin."

Ba ni da shi. Mutum ne da ban taɓa haɗa ido da shi ba tunda na yi wayo. Da ƙafar ta ɗan yi sauƙi ya fara takawa da sanda, sai ya ce yana son ganin teku. Duk rayuwarsa a bakin ruwa ya yi ta, a kogin Wudil ya koyi iyo, aikinsa ma kula da injinan ban-ruwa ne na masu noman rani. Ya ce ya hango teku ta tagar jirgi, yana son ya taɓa shi da hannunsa kafin ya koma. Yaya da mijinta ba su da hutu, sai aka ce direba ya kai shi. Na gane manufar. So yake ya same ni ni kaɗai, inda ba ƙofar da zan sulale. Na ari van ɗin wurin aiki, Yaya ta cika mana kula da dambun nama da fulas ɗin shayi, ta biyo mu har bakin titi tana jaddada min,

"Kar ka bari ya yi doguwar tafiya. Kar ya hau tudu. Gwiwar nan ba ta gama kamawa ba, ka ji ni ko?"

Muka nufi Wales, can gaɓar da ƙasa ta ƙare da duwatsu. Ni kaina, duk daɗewata a ƙasar nan, ban taɓa zuwa bakin teku ba, ruwan da na sani bai wuce na kwatar Manchester ba. Da muka sauka daga babban titi hanya ta fara tsukewa, katangar dutse hagu da dama, in mota ta taho sai ɗaya ya ja baya. Wani wurin kuma katangar ta ɓace, ka leƙa ka ga ba komai a gefenka sai iska da farin kumfa can ƙasa. Amma ba hanyar ce ta fi tsorata ni ba. Duk sanda Baba ya yi gyaran murya sai in ce shi ke nan, maganar komawa gida ta zo. Sai in ji ya ce,

"Tumakin nan ba su da mai su ne? Tun ɗazu ban ga makiyayi ba."

Ko kuma,

"Wannan rubutun na allon hanya ai ba Turanci ba ne."

Na ce masa yarensu ne, su ma suna da nasu daban. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce ashe akwai Turawan da su ma koyon Turancin suka yi kamar mu.

Ƙananan garuruwa ne a jere a bakin gaɓar, kowanne da 'yar tashar jiragen kamun kifi, gidaje masu fenti kala-kala sun manne da juna kamar suna jin sanyi. Akwai wanda ke da tsohuwar ganuwa ta dutse, Baba ya shafa ta ya ce wanda ya yi ginin nan ya ci tuwo ya ƙoshi. Akwai inda muka tsaya muka hango doguwar hasumiya mai fitila a kan wani tsibiri, tsuntsaye sun rufe jikin dutsen fari fat, kukansu har cikin kai. A ƙasa wata dabba mai kai kamar na kare ta leƙo daga ruwa ta zuba mana ido, Baba ya ce wannan ayun Turawa ne. A wani garin na sayo mana kifi da dankali, wani ƙaton farin tsuntsu ya kawo sura ya fauce kifin daga hannun Baba. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya bi shi da kallo ya ce,

"Shirwarsu ma fara ce, amma halin ɗaya."

Na so in yi dariya, na haɗiye. Mun kwana a wani ɗan masauki, gari ya waye, maganar ba ta zo ba.

Abin da ya dame mu a tafiyar shi ne wurin salla. Ba masallaci ko ɗaya, kuma mutanen wurin kowa da karensa. A ranar farko mun shimfiɗa darduma a gefen mota, muna cikin sujada wani kare ya zo yana shinshina ƙeyar Baba, mai shi tana ta ba da haƙuri tana dariya. Na ga yadda Baba ya ɓata fuska. Don haka washegari da la'asar, da muka iso wani ƙauye da har yau ban iya faɗin sunansa ba, muka tarar bakin ruwan cike da karnuka suna tsalle, sai ya ce in nemo mana inda ba kare. Yashi ne shimfiɗe mai faɗi, ruwan ya ja can nesa, da ƙyar kake hango shi yana ƙyalli. Ta hannun hagu wani dutse ya miƙo hanci cikin yashin. Na zagaya hancin na leƙa, sai ga wani lungu kamar an yi shi don salla: yashi mai tsabta, dutse ya kewaye shi ta uku, ba mutum, ba kare, ba iska. Na koma na riƙo Baba muka taka a hankali. Ina tafe wani abu na ɗan sosa min rai, don yashin a jiƙe yake ko'ina. Na ce,

"Baba, an ce fa ruwan nan yana dawowa."

Ya tsaya ya ɗaga kai ya dubi sama, gabas da yamma, yadda yake yi a gida.

"Daga ina zai dawo? Ka ga hadari? Ruwa ba ya cika haka kawai, direba. Sai an yi ruwan sama a can gaba, kuma yana aiko da saƙo, launinsa ya sauya, ya fara kawo kara da itace. Wannan ai ya janye ke nan."

Mutumin da ya yi rayuwarsa a bakin kogi ne ya faɗa, ni wa? Kuma abin da na tuna daga aji shi ne teku yana zuwa yana komawa, amma na ɗauka ta gaba zai taho kamar baƙo, ka gan shi ka ja baya. Ban san yana bin kwari ya zagayo ta gefe ba.

Alƙibla ta sa muka fuskanci dutsen, muka ba teku baya. Baba ya daure ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya ce ya gaji da salla a kujera kamar mai jiran likita. Muka yi ƙasaru muka sallame, ya zaro carbinsa ya shiga lazimi. To nan sai na yi muku bayani, don ba ku tashi a gidan ba. In Baba ya shiga lazimi ba a yi masa magana, shi ma ba ya yi. Ranar da aka haifi ƙanwarmu Zulai, mai kawo albishir a tsaye ta jira a bakin zaure har ya shafa. Mu yara ko wucewa ta gabansa ba ma yi. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya kafa mana dokar, a cikinta muka buɗe ido.

Na tashi ina ta zagaye a lungun, ina tsintar ƙwanson da ruwa ya bari, ina shirya abin da zan ce in ya shafa, don na tabbata nan zai yi maganar. Sai na ji wata ƙara da ba na ji ɗazu, kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Na juya. Hanyar da muka biyo, ta hancin dutsen nan, ruwa ne kwance a kanta. Ba yawa, iya idon sawu. Amma yashin nan mai faɗi ya tafi rabi, kuma ruwan ba tsaye yake ba, gudu yake yana shigowa ta gefe kamar an buɗe madatsa.

Na dawo na tsaya a bayan Baba na yi gyaran murya. Shiru. Na sake yi. Na ce subhanallahi da ƙarfi, yadda ake tunasar da liman. Ya ɗaga hannu ɗaya ba tare da ya waiwayo ba, alamar in saurara. Na koma na duba, ruwa ya kai ƙwauri. Na zaro waya, ba network ko ɗigo, dutse ya rufe mu. Na ɗaga kai na dubi jikin dutsen. Akwai wani baƙin layi a jikinsa, gansakuka da ciyawar ruwa sun manne daga ƙasa har zuwa layin, daga nan sama kuma dutse ne busasshe. Layin ya fi tsawona. Na miƙa hannu ban taɓo shi ba. Wato inda Baba ke zaune, kullum ruwa yana rufe shi har ya wuce kan mutum.

Ku da kuka tashi a nan za ku ce me ya hana ni in girgiza shi kawai. Ina tsaye a bayansa ina kallon ƙwayoyin carbin suna wucewa ɗai-ɗai, ina cewa yanzu zai gama, yanzu zai gama. Wallahi a lokacin ban san wanda na fi tsoro ba, ruwan ko mutumin. Sai da wata igiyar ruwa ta shimfiɗo ta lashi gefen dardumar, ta ɗauke takalminsa ɗaya, sannan na ji hannuna a kafaɗarsa. Ban taɓa taɓa shi haka ba.

"Baba, ka tashi! Ruwa ya rufe hanya!"

Ya waiwayo da fushi a idonsa, sai idon ya wuce ni ya sauka a kan abin da ke bayana. Na ga fushin ya zube. Na durƙusa na goya shi, na nufi hancin dutsen, ina ganin ko za mu iya ratsawa. Ruwan ya kai min cinya, sannan ƙugu, sanyinsa kamar ana yanka ka da reza, yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafata. Wata igiya ta taso ta maka mu da jikin dutse. Na ji gwiwar Baba ta bugu, na ji ƙarar da ya yi a kunnena, ƙarar da ban taɓa jin ta fito daga bakinsa ba. Muka nutse muka taso. Hula ta tafi, sanda ta tafi, carbi ya tafi. Na sha ruwan gishiri har ta hanci. Na juya da shi muka koma cikin lungun, don gaba mutuwa ce a fili.

Saura sama. Na hango wani ɗan tudu a jikin dutsen, bisa baƙin layin da kaɗan, faɗinsa bai fi benci ba. Na fara hawa da shi a bayana, gansakuka tana zame ni, ƙananan ƙwanson da suka manne a dutsen suna tsaga min hannu. Na hau na zamo, na hau na zamo. A nan ne ya yi magana.

"Ajiye ni. Kai ka hau."

"A'a."

"Na ce ka ajiye ni, Nura. Ni na ci zamanina."

"Ba zan ajiye ba, Baba. Ka riƙe wuyana."

Na ji ya ƙara damƙe ni, ya ce a hankali,

"Kai dai ba ka taɓa jin magana ba."

Ban san yadda muka kai ba. Na dai san na tura shi sama da kafaɗata, na bi shi da jan ciki. Muka zauna a matse, bayanmu a jikin dutse, ƙafafunmu a lilo. Ƙasa kuwa lungun nan mai kyau ya zama tukunya mai tafasa, dardumarmu tana juyi a ciki. Sama da mu dutse ne a miƙe, ko akuya ba ta hawa. Na yi ta ihu da Turanci da Hausa har muryata ta dushe, ƙarar ruwan ta haɗiye komai. Kuma ban tabbata layin nan shi ne iyakarsa ba. Duk igiyar da ta zo sai ta fi ta baya tsawo, feshinta ya fara dukan gwiwoyinmu. Leɓen Baba ya koma toka-toka, jikinsa na karkarwa kamar injin ban-ruwa. Na cire jaket ɗina na lulluɓa masa, duk da ita ma a jiƙe take. Ina ta motsi, in leƙa nan in leƙa can, ina neman inda zan kama in hau in nemo mutane, ina kuma tsoron in na tashi zai zame.

Sai na ga yana ƙoƙarin motsa yatsunsa, sun ƙi lanƙwasuwa, sanyi ya sandarar da su. Ya dube ni.

"Direba, ka katse min lazimi. Sai an sake daga farko. Kawo hannunka."

Na miƙa masa. Ya kama hannuna na dama, wanda duk ya tsattsage, ya ɗora babban yatsansa a kan gaɓoɓin yatsuna, ya fara ja, gaɓa bayan gaɓa, leɓensa na motsi. In ya kai ƙarshe ya dawo farko. Ba halin in motsa, in na motsa lissafinsa ya ɓace. Ruwa na dukan ƙafata, tsoro bai bar ni ba ko kaɗan, kar wani ya ce muku ya bar ni. Amma na zauna. Tunda aka haife ni ban taɓa zama wuri ɗaya kamar na ranar ba.

Kare ne ya gan mu. Ku yi dariya, nan kam wurin dariya ne. Wani kare a can saman dutsen ya tsaya yana ta haushi ya ƙi tafiya, har mai shi ta leƙo ta ga abin da yake yi wa. Ta ɗaga mana hannu tana ihu, ta ɓace. Bayan wani lokaci da ya yi min kamar shekara, sai ga ƙaramin jirgin ceto ya zagayo hancin dutsen yana tsalle a kan ruwa, mutanen ƙauyen ne a ciki da jajayen riguna. Da suka zo ɗaukar Baba ya ɗaga musu hannu ɗaya, irin ɗagawar nan. Saura kaɗan ya gama. Suka dube ni, na ce musu don Allah su ɗan jira, suka jira, mai tuƙin yana ta fama da jirgin kar ya bugi dutse. Sai da ya shafa.

Gwiwar ba ta sake komawa daidai ba. An sake yi masa aiki, sanyin kuma ya sauka masa a ƙirji, ya daɗe a asibiti. Waccan sallar ta cikin lungu ita ce ta ƙarshe da ya kai goshinsa ƙasa. Kujerar robar nan da kuka gani a zauren gidan Wudil, da aka hana ku hawa, a kanta ya yi sauran sallolinsa har Allah ya karɓi abinsa. Yaya ta daɗe ba ta yi min magana ba, in na shigo falo ta tashi, kuma ban ga laifinta ba, ta gaya min kar ya yi doguwar tafiya. Aikin Cheetham Hill ya tafi, don na bar Manchester na dawo Birmingham, ni ke ɗaga shi, ni ke kai shi banɗaki, ni ke zuba masa ruwan alwala. Kullum ina jiran maganar komawa gida. Ranar da za mu kai shi filin jirgi Yaya ta gaji ta tambaya, a gabana, kamar ba na wurin.

"Baba, maganar Nura fa? Ka ce tare za ku tafi."

Yana gyara sabuwar hularsa a madubin mota, bai ko juyo ba.

"Bar min direbana inda yake."

Shi ke nan abin da ya taɓa faɗa a kan maganar. Da za a tura kekensa ciki ya miƙo min hannu, ya riƙe nawa ya ɗan daɗe.

To Amira, abin da nake dubawa a waya in mun je bakin ruwa, lokacin dawowar teku ne, kuma zan ci gaba da dubawa ko kin yi fushi. In na kira ki, ki taho, ko me kike yi, ko da salla ce, ki sallame ki taho. Ni ma in kin ga ruwa a bayana ki girgiza ni, kar ki tsaya gyaran murya. Sannan kin sha tambayata me ya sa in mun tsaya a danja nake murza yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ko sanyi nake ji. Ba sanyi nake ji ba.